Hollis Tarpley da Asabar ta Ƙarshe a Nuwamba

Ranar da labarin yaron nan ya iso Tilden, ruwa ne ya kwana yana zuba, kafin gari ya waye ya daskare a kan komai. Wayoyin lantarki sun yi nauyi sun ranƙwafo, rassan itatuwa sai ƙara suke suna karyewa, mu kuwa a nan Misisifi ba mu iya tuƙi a kan ƙanƙara ba, ba mu taɓa iyawa ba. An rufe makaranta, an rufe banki, gidan waya ma ba kowa. Amma shagon abincin dabbobi na Dub Sizemore a buɗe yake, domin a bayan shagon tukunyar kofi take, kuma nan muke zama kowace safiya tun muna da gashi a ka. Ni a ƙasa na tafi, ina dafa shingen mutane. Ko da na isa har benci ya cika.

Dub na tsaye a tsakiya da waya a hannu, ya ɗaga ta sama kamar mai riƙe da fitila.

"Emmett, shigo ka rufe ƙofa, ka sami wuri ka zauna kafin ka faɗi," in ji shi. "Alfadarai sun samu mai jifa."

Alfadarai su ne 'yan ƙwallon kwalejin garinmu, irin ƙwallon Amurka da ake jifa da hannu. Sun yi shekaru ba su da kwatabak na kirki, wato mai jifan nan da duk wasa ke fita daga hannunsa. Wanda muke da shi a lokacin yaro ne mai ladabi, yana gaida mutane, amma in ya saki ƙwallo sai ka ga 'yan kallo na sahun gaba suna kare fuska. To yanzu ga wani, Corbin Lasater, ya baro kwalejinsa can Dakota, ƙasar sanyi a arewa, ya ce wajenmu zai zo. Dub ya nuna mana shi a waya. Dogo ne siriri. Ya ja da baya, ya saki ƙwallo, ta tafi, ta yi ta tafiya, har Dub ya bi ta da wayar ya kusa kifar da kofin wani.

Sai kowa ya juya ya dubi Hollis Tarpley. Haka muka saba. In an kawo labarin Alfadarai, Hollis ake jira ya fara, mu mu bi bayansa. Yana zaune a kan buhun dusa, hularsa a gwiwa. Ya karɓi wayar ya kalla, ya sake kalla, kunnuwansa suka yi ja. Sannan ya miƙa wa Dub abarsa.

"Ba abin da zai yi," in ji shi.

Muna jin ƙanƙara na sulɓowa daga kwanon rufi.

"Hollis, ka sha maganinka da safe kuwa?" Dub ya tambaya.

"Na sha. Hannuwansa ƙanana ne."

"A ina ka ga hannuwan? Safar hannu ce da shi."

"Safar ma ƙarama ce."

Sai kun san wane ne Hollis za ku gane abin da ya sa Dub ya ajiye wayar ya taɓa masa goshi. Tare muka taso da shi a hanyar rafi. Ni na bar makaranta da wuri, shi ya ɗan daɗe, muka sake haɗuwa a kamfanin katako, inda muka yi aiki har aka rufe shi. Ubansa ne ya fara ɗaukarsa a kafaɗa zuwa filin wasa, tun bai san wane gefe ne namu ba. Tun daga nan, in Alfadarai na wasa a gida, Hollis na wurin. Ya je da zazzaɓi, ya je da karaya a ƙafa, shekarar da ambaliya ta tafi da gada ya je a kwalekwalen wani. Tun yammacin Juma'a yake ɗora tukunyar gyaɗa, da safe ya kai ta gindin wata bishiya a gefen filin, ya yi ta raba wa mutane dafaffiyar gyaɗa a kofin takarda. Har magoya bayan baƙi yana ba su, sai dai su nasu kofin rabi ne.

Kuma Hollis bai taɓa ganin mugun ɗan wasa ba kafin a fara kakar wasa. Kowace shekara zai ce bana tamu ce. Mun taɓa yin wani mai jifa da ba ya gani da nisa, Hollis ya ce ai hakan ya fi, ba zai hango masu taho masa ba balle ya tsorata. Akwai shekarar da ba mu ci wasa ko ɗaya ba, ya ce yaran dabarunsu suke ɓoyewa saboda baɗi.

Matarsa Nadine ta zauna da shi fiye da shekara arba'in. Mace ce mai haƙuri, ba ta son hayaniya, ba ta zuwa filin. Da ta rasu Hollis ya rame, ya daina aske gemu, amma tukunyar gyaɗa ba ta fasa hawa wuta ba. Mis Ozella Crane, ƙawar Nadine tun suna 'yan mata, wadda ita ma mijinta ya rasu, ta riƙa aiko masa da burodin masara ranar Lahadi. Daga baya ta riƙa kawowa da kanta. Daga baya kuma ya riƙa zuwa karɓa, da gemu a aske.

A ƙarshen Nuwamban da ya gabaci wannan ƙanƙara, Zakaru suka casa mu. Zakaru kwalejin ƙetaren kogi ne, da su muke rufe kakar wasa kowace shekara, Asabar ta ƙarshe a Nuwamba, bana a filinsu, baɗi a namu. Sun daɗe suna cinmu, amma na wannan karon ya wuce misali. Tun kafin hutun rabin lokaci suka zaunar da manyansu suka sako ƙananan yara, su ma suka ɗora daga inda aka tsaya. Sai abin da ba a taɓa gani ba ya faru, Hollis ya karaya. A makon nan, da zafin abin a ransa, ya je ya nemi auren Mis Ozella. Ta amsa. Ta ɗauko kalandar shekara mai zuwa ta ce ya zaɓi rana.

"Zaɓi duk wadda kike so," in ji shi. "Alfadarai sun mutu. Na gama da su."

"Duk wadda nake so?"

"Duk wadda kike so, Ozella."

Ta lashi yatsa ta yi ta buɗa shafi. Ta wuce Afrilu, ta wuce Yuni, watannin da mutane masu hankali ke aure, har ta kai Nuwamba, ta ɗora yatsa a kan Asabar ta ƙarshe. Ƙarfe uku na rana, a cocin Fasto Renfro. Hollis ya ce ya yi.

A garinmu ba a ɗaura aure ranar Asabar in kakar ƙwallo ta kama. Ko rasuwa aka yi, ana ƙoƙari a kai jana'iza Litinin. Amma da aka ji wannan ranar ba wanda ya damu, kowa cewa ya yi gara ya ci kek a coci da ya je ya ga Zakaru suna tattake mu a gidanmu. Ana cikin haka sai ga yaron Dakota.

A safiyar ƙanƙarar ni kaɗai na gane, don ni Hollis ya roƙa in zama babban abokin ango. Da muka fito muna takawa a hankali, ya kama hannuna.

"Emmett, ka ga yadda ƙwallon nan ta tafi?"

"Na gani."

"Ko girgiza ba ta yi ba." Muka wuce gidan mai. "Dole yaron nan ya zama ba shi da amfani. In ba haka ba na shiga uku."

Daga ranar, bayan shagon Dub ya koma kotu. Dub ne lauyan yaron, sauran mutane shaidu, Hollis shi kaɗai a ɗaya gefen. Ni ina bakin ƙofa ina sauraro, don ba a cika tambayata ba. Ba a daɗe ba Dub ma ya gano abin da ke ƙasa, kuma tun daga nan bai sake barin Hollis ya sha kofi cikin kwanciyar hankali ba.

"Ango, an ce jiya yaron ya tsaya a tsakiyar fili ya jefa ƙwallo cikin kwandon shara."

"Kwandon shara ba ya gudu."

"An ce koci har hawaye ya yi."

"Da ya ga abin da ya ɗauko? Ko ni ne sai na yi."

"Tsoho, ka ji tsoron Allah. Yaron nan ya fi kowa jifa a duk yankinsu."

"Yankinsu na manoman alkama? Mutum goma sha ɗaya ne a garin, in ka haɗa da mai wa'azinsu. Bari dai Satumba ta zo. Yaron da ya girma cikin firji, a kawo shi wannan zafin namu? Narkewa zai yi. Da cokali za a kwashe shi daga fili."

Wata rana wani ya zo da labarin ya ga yaron a gidan abinci na bakin kogi, ya tashi da faranti biyu na soyayyar tarwaɗa. Dub ya buga tebur ya ce to ga shi nan, ɗan gida ne da aka haifa a wurin da ba daidai ba. Hollis ya tashi ya shiga motarsa, ya je ya yi wa mai kawo abincin tambayoyi, ya dawo yana tafiya kamar wanda ya ci shari'a.

"Shayinsa ba sukari," in ji shi.

"Ƙarya ne."

"Je ka tambaya. An kawo masa shayi mai sanyi irin na mutane, ya ce a mayar a kawo marar sukari. Mutumin da ya zo Misisifi ya yi haka ba shi da niyyar zama. Ba shi ma da niyyar farin ciki."

Wannan hujja ta girgiza mutane, ba zan ɓoye ba. Sai a rana ta uku Dub ya shigo da murmushi.

"Amaryarka ma ba ta shan sukari."

"Ita likita ne ya hana ta."

"To ka sani ko shi ma hannunsa likita ke tattalawa?"

Haka muka yi har Satumba ta zo da zafinta. Wasan farko, ina zaune kusa da Hollis a kujerunmu na kullum, riga ta manne wa kowa a baya. Yaron bai narke ba. Jifansa na farko ya ratsa tsakanin mutum biyu kamar an ja zare, namu ya cafke ya ruga har ƙarshen fili. Hannuwan Hollis suka tashi sama da kansu. Da ya ga ina kallonsa sai ya ci gaba da miƙa su yana hamma.

"Kafaɗa ce ke damuna," in ji shi.

Muka ci wannan, muka ci na gaba, muka ci na bayansa. Garin ya haukace. Mai aski ya riƙa zana lambar rigar yaron a ƙeyar mutane, har da wani alƙali mai ritaya. Duk ɗan kwikwiyon da aka haifa a Tilden a wannan kakar sunansa Corbin, mace ko namiji. Fasto Renfro ya yi Lahadi uku a jere kowane wa'azi sai ya san yadda ya kawo maganar jifa a ciki. Wasu har suka koma shan shayi ba sukari, suna yamutsa fuska suna cewa da daɗi. Hollis kuwa yana nan a kan bakansa. Ya ce iska ce ta taimaka. Ya ce abokan karawar ba su yi barci ba. Ya ce yaron na dogara da ƙafar hagu, a jira a gani. Amma gyaɗar da yake dafawa ta koma tukunya biyu, kuma na sha jin sa yana waƙa a gindin bishiyar.

A Oktoba aka ci mu sau ɗaya, a waje. Ranar Litinin shagon Dub ya yi kamar gidan makoki. Hollis ya shigo yana fito, ya ce ai ya faɗa, ya zuba wa kowa kofi. Can na nemi shi na rasa. Na tarar da shi a bayan shago, tsakanin motarsa da tarin buhuna, yana share ido da hula.

"Emmett, murna nake ko baƙin ciki?"

"Ban sani ba."

"Ni ma haka."

Ba a sake cinmu ba. Da Nuwamba ta kai tsakiya lissafi ya fito fili: mu da Zakaru, wanda ya ci shi ke ɗaukar kofin yanki, kofin da rabonmu da shi tun ni da Hollis muna samari. Abu ɗaya ya rage. Mutanen talabijin ne ke yanke lokacin da za a fara babban wasa, kuma ba sa faɗa sai ya matso. In suka ce da dare, an tsira, a ɗaura aure, a ci kek, a tafi fili da kwat da laktaye. Garin gaba ɗaya ya duƙufa addu'ar wasan dare. Ranar da za a sanar, Dub ya ɗora wayarsa a kan buhu muka kewaye ta. Ta yi ƙara. Ya ɗauka ya duba, ya cire tabarau, ya mayar.

"Biyu da rabi," in ji shi. Ko tsokana bai yi ba.

Fasto Renfro ne ya fara zuwa wajen Mis Ozella. Ya ce ya daɗe yana lura auren da aka ɗaura da ƙarfe goma na safe yana da wata irin albarka. Ta ba shi kofi, ta ce ta gode, ta raka shi har mota. Matan ƙungiyar coci suka je, mazajensu ne suka turo su, suka dawo sun koma bayanta. Daga ƙarshe Hollis ya ce in raka shi.

Muka same ta a baranda tana ɗinke bakin wani mayafin tebur. Hollis ya zauna, ya tashi, ya yaba furanninta, ya sake zama.

"Ozella, dama Emmett ne yake cewa ko da safe..."

"Ban ce ba," na ce.

Ta soke allurar a jikin mayafin ta dube shi ta saman tabarau.

"Hollis, ka san wa ke zama da Nadine ranar Asabar? Ni ce. Shekara da shekaru. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti karon farko Asabar ce, ni na je na ɗauko ta. Ba ta taɓa ce maka komai ba, kuma da ta ƙara shekara ɗari ba za ta ce ba. Ni ba Nadine ba ce."

Hollis ya sunkuyar da kai.

"Ban ce ka bar ƙwallo ba. Ka tsufa da a sake maka hali, ni ma na tsufa da in gwada. Duk Asabar ɗin duniya ka riƙe abarka. Guda ɗaya na tambaya, ka ba ni da bakinka. Lokacin da ka ba ni ita ba ta da wata daraja a wurinka. Yanzu ta yi daraja, shi ne nake so in ga ko har yanzu tawa ce."

"Ozella, kofin yanki ne fa."

"Na sani, ina karanta jarida. In ka je wasan ba zan yi fushi ba. Burodin masara zai ci gaba da zuwa ranar Lahadi. Amma rigar zan mayar kanti, kuma ba zan sake sayo wata ba." Ta zare allurarta. "Emmett, za ka sha shayi?"

Na sha. Hollis bai taɓa nasa ba.

Asabar ɗin ta zo da rana tarwai da ɗan sanyi, irin ranar da aka yi don ƙwallo. Hollis ya ce zai kai gyaɗa gindin bishiya da safe, don mutane ba su yi laifin komai ba, daga nan ya same ni a coci. Na sa kwat ɗina na tafi da wuri da zobe a aljihu. Cocin bai fi mil ɗaya da rabi daga filin ba, in iska ta juyo kana jin ganguna. Mata suka cika gefe guda. Maza kaɗan ne, waɗanda matansu suka jawo, kowanne da siririyar waya ta fito daga wuyan riga ta shige kunne, don sauraron wasan. Fasto Renfro sai kai da komo yake yana duba agogo.

Biyu da rabi ta yi, muka ji filin ya ɗauki ihu. Ba Hollis. Uku saura kwata, ba Hollis. Ƙanwar amarya ta leƙo daga ɗakin baya ta dube ni, na dubi takalmana. Na fita na tsaya a matakala.

Can ƙasan titi na hango mutum biyu suna tahowa a ƙafa, don motoci sun toshe ko'ina. Ɗaya da baƙar kwat, yana sauri yana ɗingishi. Ɗayan gajere mai tumbi, ya ɗora kwat a kan rigar Alfadarai. Hollis ne da Dub. Hollis na ƙamshin gyaɗa da gishiri, fuskarsa fara fat.

"Har bakin ƙofar fili na kai," in ji shi yana haki. "Na ji sun fara taken makaranta. Emmett, gyara min laktaye."

Na dubi Dub. Mutumin da ya yi wata goma yana jiran wannan wasan.

"Kada ka kalle ni," in ji shi. "Ba don shi na zo ba. Na zo in ga ko zai suma."

Aka fara. Mis Ozella ta shigo da riga ruwan toka mai haske, tana tafiya a hankali, ba ta ko kalli wayoyin da ke kunnuwan mutane ba. Fasto ya buɗe baki ke nan sai igwa ta tashi. A filinmu akwai tsohuwar igwa da ake harbawa duk lokacin da Alfadarai suka ci maki. Tagogin coci suka girgiza. Maza suka ce amin da ƙarfi, alhali ba a yi addu'a ba. Fasto ya rasa inda yake, ya koma farko, wannan karon da gudu.

Matsalar igwa ita ce namu kawai take faɗa, ba ta faɗin na Zakaru. Sai ka ji ta yi shiru, ka ga wani a sahun baya ya dafe kai, matarsa ta zungure shi. Dub na sahu na biyu yana ta nuna maki da yatsu a saitin ƙirji, da fatan Hollis zai waiwayo. Ni ina tsaye daf da bayan Hollis. Gumi na gangarowa daga ƙeyarsa cikin wuyan riga. Bai waiwayo ba. Idonsa na kan Mis Ozella kamar an kafa shi da ƙusa.

Fasto ya tambaye shi ko ya karɓi wannan mata. Kafin ya amsa igwa ta sake tashi, wani ya buge littafin waƙa ya faɗi, Fasto da kansa ya rufe ido ya ce an gode Allah. Hollis ya jira har tagogi suka daina rawa.

"Na karɓa," in ji shi, a fili, yadda na bayan coci ma ya ji.

A zauren cin abinci aka jera soyayyar kaza da tarwaɗa da kek mai hawa uku. Mutane suka ci suka yi barka. Daga nan wani ya ce bari ya taimaka da kofi a kicin. Wani ya bi shi ɗauko cokula. Fasto ya ce yana jin kamar warin gas, bari ya duba murhu. Akwai rediyo a kan firjin kicin ɗin, kowa ya sani. Matan da suka yi ta zungurin mazajensu su ma suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ita ce mai kaɗa piyano, ta bar waƙa a tsakiya ta ce hannunta ya yi sanyi.

Zauren ya rage daga ango sai amarya, sai ni, sai wata gwaggon Mis Ozella da ba ta ji sosai, tana ta cin kaza abinta. Hollis ya tashi ya miƙa wa amarya hannu. Suka fara rawa ba kiɗa, a hankali, tsakanin tebura. Daga kicin ba ka jin komai sai muryar mai sharhi can ƙasa-ƙasa, da numfashin mutane masu yawa a ɗaki ƙarami. An daɗe a haka. Har rana ta sauko ta shigo ta tagar yamma.

Sai kicin ya fashe. Tukwane suka zube, wata mata ta ƙwalla ƙara, na ji muryar Fasto a sama da ta kowa. Igwa ta tashi, ta sake tashi, ƙahon motoci ya ɗauka daga ko'ina cikin gari. Gwaggo ta ɗago ta tambaye ni ko hadari ne.

"Ba za ka je ka tambaya ba?" Mis Ozella ta ce wa Hollis.

"Ina rawa da matata."

"Kana dai taka min ƙafa."

"Ƙafar ce ke son zuwa kicin. Ni ina nan."

Dub ya banko ƙofa ya fito da tsumman goge kwano a ka, hawaye shaɓe-shaɓe. Mis Ozella ta saki hannun mijinta, ta jawo kujera biyu ta haɗa su.

"Dub, zauna ka ba shi labari tun daga farko, kada ka tsallake komai. Ni zan yanka kek."

Dub ya zauna ya ba shi. Yadda Zakaru suka wuce mu ana daf da tashi, yadda yaron ya zille wa mutum uku, ya ja da baya har tsakiyar fili, ya saki ƙwallo lokaci na ƙarewa. Sau uku Hollis ya sa shi ya maimaita wannan wurin. Yana dariya yana kuka, da kek a gemu, hannunsa ɗaya riƙe da gefen rigar amarya duk inda ta juya.

Yaron Dakota bai ƙara shekara a wurinmu ba. Kafin sanyi ya wuce wata babbar jami'a ta ɗauke shi, Alfadarai kuma suka koma yadda muka san su. Hollis ya sayar da gidan hanyar rafi. Yanzu yana zaune da Mis Ozella a gidanta da ke bayan coci, an yi masa aikin ƙugu bara, yana tafiya da sanda, kuma yana zuwa shagon Dub sau uku ko huɗu a mako.